Saniya da Kufai: Doka da Shaida a Bakin Dajin Rugu

A ranar 31 ga Agusta, 2021, wata doka da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa wa hannu ta fara aiki a Jihar Katsina. Ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, ta kuma hana fitar da shanu a mota zuwa wata jiha. Sashen da ya fi taɓa talaka shi ne wanda ya dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, ciki har da Batsari da Safana. Kara ta yi tsit. Dillali ya zauna gida, sana'ar mahauci ta tsuke, manomin da ya yi kiwon rago don ranar buƙata ya rasa inda zai kai shi.

Dalilin gwamnati a bayyane yake. Shanun da ake korawa daga rugage da ƙauyuka zuwa Dajin Rugu ba a dajin suke ƙarewa ba. Sukan fito ta wata kasuwa su zama kuɗi, kuɗin kuma ya koma daji ya zama harsashi. Hukuma ta kasa bambance saniyar mai ita da saniyar sata, sai ta rufe ƙofa ga duka biyun.

Wannan doka ta tayar da tambayoyi biyu waɗanda a zahiri ba su da dangantaka. Ta farko ta shafi tukunya: a yankin da kusan kowa Musulmi ne, inda ba wanda ya taɓa neman hatimin halal a kan tsire, mene ne matsayin naman da aka yanka da bisimilla alhali dabbar ta sata ce? Ta biyu ta shafi dajin kansa, domin Rugu cike yake da kufan garuruwan da yaƙi ya tayar a ƙarni na 19, kuma yau wani yaƙin yana ƙara masa sababbi. Wace doka ce ke tsare abin da aka bari a cikinsu? Tarihin yankin ya nuna cewa amsar tambayoyin biyu ɗaya ce: doka ba ta iya tsare abin da ba ta da shaida a kansa.

Yanka ya yi, nama bai halatta ba

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin cewa yaƙi yana haɗa batun nama da batun gine-gine. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik, littafin da ba baƙo ba ne a zaurukan Katsina, akwai wasiyyar da Sayyidina Abubakar ya yi wa Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da ya tura runduna Sham. A cikin jerin hani guda ɗaya ya kare mata da yara da tsofaffi, ya ce a ƙyale masu ibada a wuraren ibadarsu, ya hana sare itace mai 'ya'ya da rushe wurin da ake zaune, ya kuma hana kashe akuya ko raƙumi sai don ci. Dabba da gini duk sun shiga ƙarƙashin hukunci ɗaya, wato dukiyar da takobi bai halatta ba.

Akwai kuma hadisin Rafi'u ɗan Khadij a Bukhari da Muslim. Yunwa ta kama sahabbai a wata tafiya, suka samu raƙuma da tumaki na ganima, suka yi gaggawar yankawa suka ɗora tukwane kafin a raba. Da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iso, sai ya sa aka kifar da tukwanen, sannan ya yi rabon. Masu sharhi sun yi saɓani a kan ko naman aka zubar ko romon kaɗai, amma ba su yi saɓani a kan dalilin ba. Masu yankan Musulmi ne, wuƙarsu ba ta da aibi. Abin da ya ɓata girkin shi ne dabbobin ba su riga sun zama nasu ba.

Daga nan malamai suka raba mas'alar gida biyu. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya kawo a cikin Bidayatul Mujtahid cewa mafi yawan malamai sun tafi a kan yankan ɓarawo da na mai ƙwace ya inganta, wato dabbar ba ta zama mushe ba, yayin da Dawud da Ishaƙ ɗan Rahawaihi suka ɗauke ta mushe. Ingancin yanka kuwa bai wanke haƙƙin mai dabba ba. A mazhabar Malikiyya, wanda ya sayi abin ƙwace da saninsa hukuncinsa ɗaya da mai ƙwacen, kuma mai dukiya yana da ikon karɓar abinsa duk inda ya gan shi idan ya kawo hujja. Saboda haka halaccin nama yana tsaye ne a kan ƙafa biyu, yadda aka yanka da kuma yadda aka mallaka. Ƙafa ta farko ana ganinta da ido a mayanka. Ta biyu sai da shaida.

Hatimin da ba na takarda ba

Kasuwar ƙasar Hausa ta gina wa kowace ƙafa ma'aikacinta. Sarkin Pawa shi ne shugaban mahauta, a wuyansa alhakin abin da aka rataye a rumfa yake. Shi ke hana sayar da mushe ko dabbar da cuta ta ci, kuma a garuruwa da yawa yankan kansa akan bar wa malami sananne, wanda jama'a suka yarda da addininsa. Dillali kuma shi ne shaidar mallaka. La'adar da yake karɓa ladan haɗa ciniki ce, kuma kuɗin lamuni ce: idan saniya ta fito ta sata, shi za a fara kamawa, shi kuma ya kawo wanda ya ba shi. Baƙon da ya zo da garke ba ya shiga kara kai tsaye, sai ta hannun maigidan da ya sauke shi, wanda ya san daga inda ya fito. Bayan su akwai arɗo, wanda ya san shanun kowane gida da kamanninsu da alamar da aka yi musu, da mai unguwa da dagaci da alƙali.

Wannan tsari ya yi ƙarfin da har ya bi Hausawa zuwa kurmi. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a Sabo ta Ibadan ya buga littafinsa a 1969, ya nuna yadda ake sayar wa mahautan Yarabawa shanun Arewa bashi, ba takarda ba banki, bisa lamunin masu masauki da dillalai kawai.

Kada mu mayar da da can aljanna. A cikin Kitabul Farƙ, wanda ake jingina wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, an lissafa naman da masu iko da kasuwa ke karɓa daga mahauta kowace ranar kasuwa, abin da ake kira tawasa, cikin zaluncin sarakunan Hausa, tare da jangali. Ke nan tun fiye da shekara 200 an gane cewa mai duba kasuwa yana iya zama mai cin kasuwa. Jangalin ma bai mutu da jihadi ba. Turawa sun riƙe shi, suka mayar da shi ginshiƙin baitulmalin En'e. Makiyaya sun ƙi jininsa, da hujjarsu, amma yana da wani amfani da ba a yi niyya ba: kowace shekara hukuma tana zuwa ruga, tana ƙidaya shanu, tana rubuta sunan mai su. Da aka soke shi a shekarun 1970, aka kuma yi garambawul ɗin ƙananan hukumomi na 1976 wanda ya raba sarakuna da ikon zartarwa, nauyi ya sauka daga kan makiyayi, littafin ƙidayar ma ya rufe. Ba a buɗe wani a madadinsa ba.

Yadda garuruwa suka koma daji

Mu bar kara mu shiga dajin. Sarautun yankin kansu suna ba da labari: hakimin Batsari shi ne Sarkin Ruma, na Safana kuma Yariman Katsina. Ruma tsohon gari ne na kan iyaka, kuma ƙasar da ke tsakaninsa da Zamfara ta taɓa zama cike da garuruwa masu ganuwa.

Wata rigima a kan kayan tarihi a lokacin yaƙi da aka rubuta a wannan sashe ta faru ne a zamanin jihadi. 'Yandoto, wadda yau take ƙaramar hukumar Tsafe a Zamfara, a lokacin tana cikin ƙasar Katsina, kuma gari ne na malamai da ɗalibai. Malamanta da dama ba su karɓi kiran Shehu ba, Muhammadu Bello ya ci garin da yaƙi wajen 1806. Bayan 'yan shekaru, a wasiƙun da aka yi musaya tsakanin Shehu Muhammadul Amin El-Kanemi na Borno da shugabannin Sakkwato, El-Kanemi ya zargi mayaƙan jihadi da wulaƙanta littattafai, ana watsar da su a hanya alhali da sunan Allah a cikinsu. Bello bai ce littafin abokin gaba ba shi da alfarma ba. Ya ba da labarin yadda shi da kansa ya ga iska na ɗaukar takardu a wani gari da aka ci, ya yi ta tsincewa, ransa ya ɓaci, ya tara jama'a ya tuhume su, aka ce masa rigimar ganima ce ta jawo. Wasu masana tarihi suna danganta wannan labari da 'Yandoto. Abin lura shi ne ɓangarorin biyu, suna tsakiyar yaƙi, sun yarda da ƙa'ida ɗaya, gardamarsu a kan wanda ya karya ta ce. Mun san wannan ne domin Bello ya adana wasiƙun a cikin Infaƙul Maisur, har da zargin da aka yi masa.

Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, Ummarun Dallaje ya zama sarki. Tsohon gidan sarauta ya ja arewa, Ɗan Kasawa ya kafa sabuwar cibiya a Maraɗi, daga nan aka shiga yaƙin da ya kai ƙarshen ƙarni. A Gawakuke, a 1836, Bello ya karya rundunar haɗin gwiwar Gobir da Maraɗi, aka kashe Sarki Rauda. Magajinsa Ɗan Mari ya dawo ta ƙasar Ruma a farkon shekarun 1840, garuruwa da yawa suka yi wa Katsina tawaye suka bi shi. Sarkin Katsina Siddiƙu ya murƙushe tawayen, ya hukunta garuruwan hukunci mai tsanani, har marubuta tarihin masarautun Arewa suna danganta komawar yankin daji da wannan ramuwa. A 1844 Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe Siddiƙu. Akwai dokar da ta iya kai wa ga sarki, amma ba ta mayar da garuruwan ba.

Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya tashi daga Katsina zuwa Sakkwato a watan Maris na 1853, ya bi ta Kuraye da Kurfi da Zakka, sannan ayarinsu ya ratsa daji cikin fargabar mahara, suna wuce wuraren da a da garuruwa ne. Hare-haren Maraɗi sun ci gaba har zamanin Ɗanwaire, jarumin da sunansa ya haɗu da Ruma a ƙarshen ƙarnin. Dakta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na 1981 kan tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya ba wannan yanki muhimmanci, kuma ya dogara ƙwarai da abin da dattawan garuruwa suka faɗa masa baki da baki.

Abin da Bature ya rubuta da abin da ya bari

Bayan 1903 hare-haren sun lafa, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko mutane suka sake matsawa yamma suna sheme gonaki. Dokar mulkin mallaka ta zo ta ga Rugu a matsayin itace da ciyawa, ta shata shi gandun daji. Daga baya gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar wuraren kiwo ta 1965, kuma makiyayar Ruma da Kukar Jangarai tana cikin na farko-farko da aka yi wa aiki, da madatsun ruwa da ma'aikatan dabbobi a Runka. A takardun hukuma an auna faɗin dajin an shata iyakarsa. Ganuwar da ke kwance a ƙarƙashin sabara, da tsofaffin rijiyoyi da maƙabartu, ba aikin ma'aikacin gandun daji ba ne.

Dokar kayan tarihi ta bi wata hanya dabam. An yi ta farko mai ƙarfi a 1953, sannan doka mai lamba 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Tsarinta shi ne ayyanawa: wuri ba ya samun cikakkiyar kariya sai an bincika shi, an rubuta shi, an shelanta shi a jaridar gwamnati. Wuraren da aka daɗe ana ƙidayawa a wannan jeri 65 ne a duk faɗin Nijeriya. Waɗanda Katsina ta shahara da su a ciki su ne hasumiyar Gobarau da tsohuwar Kwalejin Katsina a birni, da kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani. Durɓi ta samu wannan gata ne domin an yi mata shaida: Palmer ya haƙa a 1907 tare da Sarki Dikko, aka sake haƙawa a 1992, aka kai kayan Jamus aka gyara, aka gano cewa har da kwanon ƙarfe da ya fito daga ƙasashen Larabawa ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Yammacin Katsina, inda aka yi yaƙin da ya fi tsawo, bai samu irin wannan kulawa ba.

Hatimin halal na zamani

Hatimin halal da muke gani a jikin gwangwani ɗan kasuwancin nesa ne. Ya taso ne lokacin da Musulmi ya fara cin naman da aka yanka a Ostireliya ko Burazil, inda bai san mahaucin ba. A 1997 hukumar ƙa'idojin abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Codex, ta fitar da jagora kan amfani da kalmar halal. Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta kafa cibiyar ƙa'idoji, SMIIC, a Santambul a 2010. Malesiya ta ɗora aikin a kan hukumar gwamnati, JAKIM, kuma dokarta ta 2011 ta mayar da kiran kaya halal ba tare da takardar hukumar da aka amince da ita ba laifi. Indunusiya ta yi doka mai lamba 33 a 2014, wadda ta wajabta takardar.

Nijeriya ba ta bi wannan hanya ba. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, lafiyar abinci take dubawa, takardar halal kuwa ƙungiyoyi da kamfanoni masu zaman kansu ke bayarwa, galibi ga masana'antu da masu fitar da kaya waje. Sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa, abin da ke sa duk yunƙurin yin dokar tarayya a kan halal ya gamu da muhawara. A 2024 gwamnatin tarayya ta fara maganar shiga kasuwar halal ta duniya da gaske, a shekarar ce kuma ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo. Amma tsarin mulkin nan, a jadawalinsa na huɗu, ya riga ya ɗora kafa mayanka da kasuwanni da kula da su a kan ƙananan hukumomi. A doka, majalisar ƙaramar hukumar Batsari da ta Safana su ne magadan Sarkin Pawa.

Mai binciken halal na zamani yana tambayar nau'in dabba, da wanda ya yanka, da kaifin wuƙa, da ko naman ya haɗu da najasa a hanya. Tambayar mallaka yakan bar wa dokar ƙasa, domin a ƙasashen da aka tsara ƙa'idojin ana ɗauka 'yan sanda da rasit sun riga sun warware ta. A bakin Rugu kuwa wannan ita ce tambayar. Saniyar da aka harbe mai ita a ruga tana iya cika kowane sharaɗi na mayanka, ta samu hatimi, ta isa Legas. Dokar laifuka ta Arewa, tun 1960, ta hukunta mai karɓar kayan sata, Katsina kuma ta tsananta hukuncin satar shanu da garkuwa da mutane a 2019. Sai dai alƙali ba ya hukunci sai an nuna masa saniyar wane ce, kuma dillalin da zai nuna yana kwana ne a garin da bindiga ke iya isa cikin dare. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: da ba mai saye a cikin gari, da satar ba ta ɗore ba.

Wasu ƙasashe sun toshe wannan kafa da rajista. Tarayyar Turai, bayan annobar haukan shanu, ta wajabta a 2000 a riƙa bin sawun kowace saniya daga haihuwa zuwa yanka. Botsuwana ta yi wa shanunta irin wannan tsari don ta ci gaba da sayar wa Turai nama. Abin da suka yi da lamba a kunne da kwamfuta shi ne abin da arɗo da dillali ke yi da ido da amana.

Yarjejeniyar Hague a bakin Rugu

A ɓangaren kayan tarihi, dokar duniya ta fi ta halal tsufa da ƙarfi. Yarjejeniyar Hague ta 1954, wadda ɓarnar Yaƙin Duniya na Biyu ta haifa, ta wajabta wa ƙasashe tanadin kariya tun lokacin zaman lafiya, ta hana kai hari da wawashe kayan al'adu, kuma sashenta na 19 ya shafi yaƙin cikin gida. Nijeriya ta shiga a 1961, ta kuma karɓi ƙarin yarjejeniyar 1999 a 2005. Wannan ƙarin ya ambaci shirya jerin kayan tarihi cikin matakan farko da ake buƙata.

An ga haƙoran dokar a Mali. A 2012 mayaƙan da suka mamaye Tumbutu suka rushe hubbaren waliyyai. A ranar 27 ga Satumba, 2016, Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ɗaure Ahmad al-Faƙi al-Mahdi shekara tara saboda hari a kan hubbare tara da ƙofar masallacin Sidi Yahya. Shi ne shugaban hisbar mayaƙan, wato ofishin da a asalinsa aka kafa don tsare amanar kasuwa da jama'a. Shari'ar ta yiwu domin Tumbutu tana cikin jerin UNESCO tun 1988, an san gine-ginen, akwai hotunansu kafin rushewa da lokacin rushewa. Littattafan garin kuwa iyalai ne suka tserar da mafi yawansu zuwa Bamako a ɓoye, ko da yake an yi asarar kimanin 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba a farkon 2013.

A Batsari da Safana, wannan doka tana cin karo da shinge uku. Na farko, ƙarin 1999 ya ce bai shafi tarzoma da tashin hankalin da bai kai matsayin yaƙi ba, kuma masana doka suna jayayya a kan matsayin rikicin Arewa maso Yamma. Babbar Kotun Tarayya ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a Nuwamba 2021, amma wannan suna ne na dokar cikin gida. Na biyu, sashe na 12 na tsarin mulki ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka a kotunanmu sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Na uku shi ne mafi girma: abin da ke salwanta a nan ba ya cikin jerin kowa.

Lokacin da aka kai hari Tsauwa da Ɗankar a Fabrairu 2020 aka kashe mutum 30, an ƙidaya rayuka, kuma daidai ne a fara da su. Abin da ba ya shiga lissafi a irin waɗannan hare-hare shi ne Alƙur'anin da kaka ya rubuta da hannu yana cikin gafaka, da kundin malamin ƙauye, da tamburan dagaci, da masallacin ƙasa wanda idan ba a yi masa yaɓe damina biyu ba zai kwanta, da maƙabartar da ba wanda zai sake gane wanda ke kwance a cikinta. Ɗan bindiga bai zo don rushe tarihi ba, shanu da kuɗin fansa yake nema. Ƙauyen da aka watse kuwa ruwan sama ne ke ƙarasa shi. A wajen Bafulatani, garken kansa gado ne. Bunajin da aka sace zuriyar wadda kaka ya bai wa uba ce, ana sanin uwarta da uwar uwarta. Satar shanun ta fara cin makiyaya tun kafin ta isa ga manoma, kuma rugagen da aka ƙone a ramuwar gayya su ma kufai ne.

Littattafai biyu da ba a buɗe ba

Dokokin da aka gwada a yankin mafi yawansu na hani ne: a rufe kasuwa, a katse layin waya kamar yadda aka yi a Satumba 2021, a tsananta hukunci. Sulhun 2019 ya rushe cikin ƙasa da shekara, an kuma sake ƙulla wasu a matakin al'umma a 2025. Kowane daga cikinsu yana da masu yabo da masu suka. Abin da tarihin ya nuna ya yi ƙaranci shi ne dokar shaida.

Ƙaramar hukuma tana da ikon da tsarin mulki ya ba ta na cewa ba dabbar da za ta shiga kara ko mayanka sai an rubuta mai ita, da dillalin da ya tsaya masa, da arɗo ko mai unguwar da ya san shi. Idan za a yi wa naman Arewa hatimin halal don kasuwar duniya, malamanmu suna da hujja daga fiƙihunsu su ce sai an haɗa da shaidar mallaka. Dillalin da zai yi shaidar kuma sai an tsare ransa, in ba haka ba littafin zai cika da ƙarya.

Littafi na biyu ba ya buƙatar jiran Abuja. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma maƙwabciyar Safana ce, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua tana da sashen tarihi, akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha da gidan tarihi na ƙasa a tsohuwar Kwaleji. Dattawan ƙauyukan da aka tasa suna zaune a garin Batsari da Safana da Dutsin-Ma da birnin Katsina, a gidajen 'yan uwa da kangaye. Sun san sunan kowane kufai, da wanda ya kafa shi, da inda rijiyarsa take, da malamin da aka binne a gindin wace tsamiya. Ba sai an shiga daji ba kafin a ɗauki maganarsu, a kuma ɗauki hoton takardun da suka tsira da su.

Garuruwan da aka tasa a zamanin Siddiƙu mun san kaɗan daga cikinsu ne domin wani matafiyi ya rubuta abin da ya gani a 1853, wani malamin jami'a kuma ya zauna gaban dattawa bayan shekara fiye da 100. Waɗanda aka tasa a zamaninmu shaidunsu suna raye, kuma yawancinsu tsofaffi ne.